Kwanon da ke tsakar gidan Mushe Arzika

Mushe Arzika ya rasu.

Da safiyar nan labarin ya iske ni a Yamai, ina ɗaure takalmi zan fita aiki. Rabi ce ta kira, babbar ɗiyarsa. Ko sallama ba ta yi ba. Ta ce, "Idi, Baba ya cika, bayan sallar asuba." Na zauna a bakin gado da takalmi ƙafa ɗaya.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

An yi jana'izarsa da hantsi a Dogon Dutsi. Ban samu ba. Ina rubuta wannan ne a tasha, ina jiran mota ta tashi.

Kafin in iso nan na ga hotonsa a shafukan sada zumunta da dama. Wani ya ce uban ilimi, wani ya ce Arewa ta yi rashi. Na bi sunayen masu rubutun ɗaya bayan ɗaya, domin halin aikina ke nan. Da yawa daga cikinsu na san abin da suka riƙa faɗa a kansa 'yan shekarun nan, a fada, wajen shan shayi. Ba zan nuna kowa da yatsa ba. Abin da su suka faɗa da baki, ni a jarida na rubuta shi.

Saboda haka wannan ta'aziyya ce, kuma gyara ne.

Ga waɗanda ba su san shi ba: malamin lakkwal ne, wato makarantar boko ta gwamnati, shi ya sa ake ce masa Mushe, yadda ake kiran malaman boko maza a wajenmu. Ya fi shekara talatin yana koyarwa, daga ƙauyukan Dogon Kiriya zuwa na Dumega, ya ƙare a matsayin dirakta a cikin Dutsi, ya yi ritaya. Ni ya koyar da ni shekara uku a ƙauyenmu, kusa da Ɗan Kasari.

Ajinmu na kara ne. Duk wanda ya yi lakkwal a ƙauye ya san yadda abin yake. Gwamnati ta ce a koma karatu, amma babu aji, domin karan da za a yi ajin da shi yana tsaye a gona da hatsi a kansa. Sai an gama girbi, kowane uba ya kawo dami, a kafa, sannan a shiga. Ruwan farko kuma ya zo ya kwantar da shi tun ba a yi jarrabawa ba. Shekara tana guntulewa ta gaba da ta baya.

Mushe ba ya jiran kara. Ya jingina tablo, babban allon aji, a gindin tsamiya, wanda ya zo ya zauna.

Wata shekara mahaifina ya ce ba zan koma ba sai an gama roron wake. Mushe bai yi masa wa'azi ba. Ran Lahadi sai ga shi a gonarmu da ƙwarya a hannu, ya naɗe wando, ya yi roro tare da mu har azahar. Da zai tafi ya ce wa mahaifina, "Na biya maka yinin Idi na gobe. Ka sako min shi." Litinin ina gindin tsamiya.

Alli kuwa yakan karya shi gida uku kafin ya ba mu, kuma ya san wanda ya sa guntu a aljihu.

Abin da ya fi tsana shi ne "an ce". In ka soma magana da an ce, zai sauke tabarau ya dube ka.

"Wa yac ce? Kai ka gani?"

Wannan tambayar ce ta kai ni aikin jarida. Na sha faɗin haka a gaban mutane, ina alfahari.

Da aka zo zaɓen majalisar jiha, sai na ji wai Mushe ya shiga takara. Na yi dariya, na ce ƙarya ne. Mutumin da bai taɓa sa hular jam'iyya ba? Sai aka aiko min da hoton takardar da aka manna a bangon tasha. Shi ne, da tabaransa.

Magana ɗaya ya riƙa yi a kamfe, gari bayan gari: a daina sa ɗiyan talakawa jiran kara. Bai raba shayi da sukari ba, bai raba turmin atamfa ba. Yana sauka daga mota ya gaida maigari, ya ce a kai shi lakkwal. A nan yake tsayawa ya yi jawabi, a gaban runfar da ta faɗi.

Tun a lokacin raina bai kwanta ba, kuma ga dalili.

A wajenmu ba mutum ake dangwala wa ba, jam'iyya ce. Jam'iyya ta jera sunaye, a yi zaɓe, a ƙirga, a ce ta samu kujera kaza. Daga nan manyanta su shiga ɗaki su fitar da waɗanda za su hau. A jerin da aka sa Mushe akwai wani Alhaji mai motocin dakon kaya, wanda shi ya ba da motocin kamfe da man da suke sha. Ba sai ka yi dogon karatu ba kafin ka san wanda zai fito daga wancan ɗakin da kujera.

Na kira shi a waya. Na ce, "Mushe, ka san da sunanka za su kama ƙuri'a su ba wani?"

Ya ce, "Magana irin wagga ba ta waya ba ce. Ka taho gida."

Ban je ba. Aiki ya yi yawa, na ce sai bayan zaɓe.

Aka yi zaɓe. Ƙauyukan da ya koyar suka fito, har tsofaffin da ba su taɓa damuwa da zaɓen majalisa ba. Jam'iyya ta samu kujeru. Aka shiga ɗaki. Alhaji ya fito da kujera, Mushe ya fito da hannu a aljihu.

Na jira ya yi magana. Bai yi ba. Na jira ya kira 'yan jarida. Bai kira ba. Sai ma na ga hotonsa yana gaisawa da Alhajin.

Ba a yi wata guda ba, wata lamba da ban sani ba ta aiko min da hoto: gingimari a ƙofar gidan Mushe, ana sauke kwanon rufi sabo fil, mai yawa. Babu rubutu ko ɗaya tare da hoton.

Na buga shi. Ban ce an saye shi ba, na fi haka wayo. Tambaya na sa a ƙarƙashin hoton: malamin da ya yi shiru bayan an hana shi kujera, me ake saukewa a gidansa? Mu 'yan jarida mun san abin da irin wannan tambayar take yi. Ba ta kai ka kotu, amma tana gama aikin.

Ta kuwa gama. A Dutsi aka koma kiransa Mushe Kwano. Wani tsohon ɗalibinsa ya tare shi a kasuwa ya ce, "Mushe, in an gama ruhin gidan a kira mu buɗewa." Rabi tana aiki a asibiti, ta ce har masu jinya suna yi mata tambaya. Inna Hadiza, matarsa, ta daina zuwa biki.

Shi kuwa ko uffan. Ni ma ban sake kiransa ba. Na ɗauki shirunsa a matsayin amsa.

Har yau ban san wanda ya aiko da hoton ba. Ina da wanda nake zargi. Mutumin da aka hana haƙƙinsa, in ana tsoron ya buɗe baki wata rana, hanya mafi sauƙi ita ce a ɓata shi tun da wuri, kuma wanda ya ɗauki hoton ya san ranar da motar za ta zo da sa'ar da za ta zo. Amma zargi ne. Ba ni da hujja, don haka ba zan kama suna ba.

Bara, bayan girbi, aiki ya kai ni wajen Ɗan Kasari a kan farashin wake. Na ratse ƙauyenmu. Inda runfar ajinmu take a da, sai na ga ɗaki na tubali, da rufin kwano. Babu fenti, babu allon da ke cewa wane ne ya gina. Na shiga don in huta wa rana.

Na ɗaga kai.

A cikin kowane falle, ta ƙasa, akwai rubutu da jan fenti: sunan ƙauyenmu, da lamba. Ɗaya, biyu, uku, har ƙarshen rufin. Rubutun da na shekara uku ina kwafa daga tablo ne. Bakwai ɗinsa mai sanda a tsakiya, ko a mafarki na gan shi zan gane.

Malamar da ke riƙe da lakkwal ɗin, Madam Haua, ta ga na tsaya ina kallon sama kamar mai neman wata. Ta ce, "Na Mushe Arzika ne. Ba ya ba gari kwano sai sun buga tubali sun tada bango ya kai inda za a aza katako. Shi da kanshi yake zuwa ya auna. Mu sau biyu ya maida mu, wai bangon ya karkace."

Na tambaye ta ƙauye nawa suka samu. Ta lissafa min huɗu da ta sani.

Ban ce mata ni ne wanda ya buga hoton ba. Ina jin ta sani.

Washegari na shiga Dutsi. Na same shi a tsakar gida, a inuwar bishiyar bedi, yana gyaran eriyar rediyo da waya. Ya rame. A gefen katanga ga sauran kwanon, an aza shi a kan tubali don kada ƙasa ta ci shi, an rufe da zana, an zagaye da sarƙa da kwado.

Ya sauke tabarau ya dube ni.

"A'a. Hadiza, kawo tabarma, jarida ta zo da kanta. Yau ba a aiko hoto ba?"

Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa duka, har ya tambayi yara da sunayensu. Inna Hadiza ta ajiye fura ba ta dube ni ba, ta koma ɗaki.

Na ce, "Mushe, na shiga ajin garinmu."

"Ka gani da idonka?"

"Na gani."

"To, madalla. Shekara nawa abin ya ɗauke ka."

Na ce me ya sa bai fito ya yi bayani ba.

"Duk wanda ya tambaye ni na hwaɗa mishi. Kai ba ka tambaye ni ba. Duniya ka tambaya."

Amma halin aiki ba ya barin mutum, ko yana kan tabarmar neman gafara. Na ce, "Ka san ba za su ba ka kujerar ba?"

"Tun ranar da sunka zo da goro suna roƙon in shiga takara. Alhajin nan, ni na koya mishi karatu. Shekara biyu yana leƙen allon na kusa da shi. Kana tsammanin ban san shi ba?"

"To me ya kai ka?"

"Idi, tsohon mushe in ya tsaya ya ce lakkwal ta lalace, wa ka saurare nai? Sai a ce tsuhwa ce. Amma ɗan takara, mota kyauta, lasifika kyauta, maigari da kanshi ya tara maka jama'a. Na ce bari in ari lasifikarsu."

Ya ce bayan zaɓe an kira shi, aka yi masa tayin kujerar Makka, da wani muƙami mai suna babu aiki. Ya ce ba ya so. Aka ce to me yake so. Ya ce kwanon rufin aji.

"Sun ce za a sauke a ofis, a raba. Na ce a'a. Sun ce a ba ɗan kwangila. Na ce a'a. Sun ce to a kai ma kowane maigari nashi. Na ce wanga shi ne babban a'a, kahin a buga tubali ɗaya ya hau ɗakin amarya. Na ce gidana za a sauke, ni zan bayar."

Na ce, "Ba ka yarda da kowa ba ke nan."

"Har da ni. Mi kake tsammani ya sa na zauna kwana uku ina rubutu da fenti? Ɗakin Hadiza yana yoyo. In damina ta kama, tana kallona, kwano na kallona, Shaiɗan na gehe yana ba da shawara. Amma in na aza shi, kullum na kwanta sai in karanta sunan garin mutane a saman kaina."

Daga cikin ɗaki Inna Hadiza ta ce, "Har yanzu yana yoyo. Ka rubuta wannan ma."

Muka yi dariya, ni da shi. Ita ba ta yi ba.

Akwai abin da ya rage a raina, kuma na faɗa masa. Na ce mutane don shi suka fito, ba don Alhaji ba. Ko me aka yi da kwanon, ai an ba shi abu ne ya yi shiru.

Bai musa ba.

"An ba ni, na amsa, na yi shiru. Rubuta hakanan. A kowane gari na hwaɗa musu wataƙila ba ni za a ba ba, amma na san ba kowa ya ji ba, lasifika na ƙara, mawaƙa na kiɗa. Wanga nauyi na wuyana, ni zan amsa shi gaban Allah. Kai dai in za ka rubuta abin da ya shigo gidana, ka rubuta inda ya hita ya tahi."

Gaskiya, har yau ban gama yanke hukunci a kan wannan ba. Wani lokaci in ga ya yi dabara. Wani lokaci in ga su suka yi masa dabara, suka samu kujera da arha. Majalisar da aka yi rigimar a kanta ma yanzu ba ta zama. Ba zan ce muku waliyyi ne da bai taɓa kuskure ba, domin da yana nan zai ce wa ya ce.

Amma abin da na zarge shi da shi, bai yi ba.

Da zan tashi ya riƙe hannuna. Ya ce, "A ajina, wanda ya yi kuskure a tablo, ina yake gyara shi?"

Na ce, "A tablo, Mushe."

"Gaban kowa. Ba a kunnena ba."

Na yi masa alkawari. Wannan ce ganawarmu ta ƙarshe.

Ban cika ba. Na kai wa shugaban aikina maganar gyaran, ya ce tsohon labari ne, wa zai karanta. Ban matsa ba. Na gaya wa kaina sai na zagaya ƙauyukan duka na ɗauki hoto, don aikin ya fito tsaf. Wata ya bi wata. Gaskiyar ita ce kunya nake ji. Hoton ɓatanci awa ɗaya ya ɗauke ni, gyara kuwa na shekara ina shiri.

Rabi ta ce lokaci zuwa lokaci yakan tambaye ta, "Idi ya rubuta?" Ta ce a'a. Ya ce, "Zai rubuta. Tun yana yaro sai an kusa amsar takarda yake gamawa."

An amshi takarda, Mushe. Ban gama ba.

To ga shi, gaban kowa:

Ni, Idi, na buga hoton kwano a ƙofar gidan Mushe Arzika, na sa mutane suka ɗauka kuɗin shirunsa ne ya ci. Ban je na gani ba, ban tambaye shi ba, ban binciki wanda ya aiko min ba. Kwanon na azuzuwa ne. Na ga ɗaya da idona, duk mai shakka ya je ƙauyenmu ya ɗaga kai. Falle ɗaya bai hau gidansa ba. Na zalunce shi, na zalunci iyalinsa. Inna Hadiza, Rabi, ina neman gafararku.

Saura magana ɗaya, kuma ita ce ta sa ban jira na isa gida ba kafin in rubuta.

Akwai sauran kwano a tsakar gidan, falle talatin da biyu. Na ƙirga su da hannuna ranar da na je, Rabi kuma ta tabbatar min ba a taɓa su ba. A jikin kowanne an rubuta Tungar Bawa, wani ƙauye a wajen Dumega. Bangonsu ya kai taga, suna jiran rani su ƙarasa.

Rabi ta sake kirana ina hanyar tasha. Ta ce tun ba a dawo daga maƙabarta ba mutum biyu sun yi mata maganar kwanon. Ɗaya ya ce kayan jam'iyya ne da aka ba shi ajiya, za a turo mota. Ɗaya ɗan uwa ne, ya ce a tuna a sa shi cikin abin da za a raba.

Ba na jam'iyya ba ne. Ba gado ba ne. Mushe ya rubuta sunan masu shi da jan fenti, kuma yanzu ku duka kun sani. Makullin yana hannun Inna Hadiza. Ta ce ba za ta buɗe ba sai bango ya kai, kuma sai an kai ta ta gani da idonta.

Duk wanda ya sa hoton Mushe a shafinsa yau, na roƙe shi ya sa wannan ma.

Allah ya jiƙan Mushe Arzika. Allah ya yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, ya sauƙaƙa masa nauyin da ya ce yana wuyansa. Yadda ya sa wa ɗiyan mutane inuwa, Allah ya sa shi a inuwar rahamarsa. Allah ya ba Inna Hadiza da Rabi da ƙannenta haƙuri.

In ka karanta har nan, kada ka wuce. Ka yi masa addu'a, ko Ƙulhuwallahu ƙafa uku. In da saura, ka sa ni a ciki, domin na makara.

An kira fasinjojin Dutsi.